Landiroba a Ƙofar Gida: Tarihin Gyaran Mota da Ajiyarta a Ƙasarmu

Da yawa daga cikin 'ya'yan garin nan mazauna birane sun tashi sun tarar da kwalta ta iso bakin kasuwa, saboda haka ba su san zamanin da damina kan yanke mu daga sauran duniya ba. A wancan lokaci, da zarar ruwa ya zauna a watan Agusta, hanyar burji takan koma taɓo, rafuka su cika su batse, babu abin hawan da ke kusantarmu sai doki da jaki, sai kuwa wata mota guda mai kama da akwati, wato Land Rover, wadda bakin Bahaushe ya mayar Landiroba.

Asalinta ƙasar Ingila ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, injiniyan kamfanin Rover, Maurice Wilks, yana amfani da wata tsohuwar jif ta sojan Amurka a gonarsa, daga nan ne tunanin ƙera irinta ya zo masa. An fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam cikin watan Afrilu na 1948. Da yake ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila a waɗannan shekaru, sai aka yi gangar jikinta da alminiyam, aka bar ƙarfe ga shasi, wato ƙashin bayan da ke ɗauke da kome. Wannan dabara ta dole ita ce ta zame mana alheri, domin alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, kuma fallayen jikin a miƙe suke, da ƙusoshi aka ɗaure su. Idan gefe ya lotsa, sai a kwance shi, a shimfiɗa a kan kututture, a buge da guduma a mayar.

A nan Arewa, Di'o da Razdan ne suka fara yawo da ita, sannan En'e ta saya wa ma'aikatanta. Da ita hakimai suka yi rangadi, da ita aka kai allo da littattafai makarantun ƙauye, da ita kuma malaman dabbobi suka bi rugage lokacin babban gangamin rigakafin bushiya da aka fara a 1962 a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi. Mu da muka yi aikin koyarwa a karkara mun san ƙararta tun daga nesa, don sau da yawa ita ce ke kawo sufeton makarantu ba tare da sanarwa ba.

To, abin da na fi so matasanmu su lura da shi shi ne yadda ake kula da ita. Babu garejin kirki sai a hedikwatar lardi, tafiyar yini guda ko fiye, saboda haka direba shi ne bakanike, inuwar bishiyar ƙofar gida kuwa ita ce garejinsa. Kayan aikinsa ba su wuce sifanu kaɗan da filaya da sukudireba da jak da famfon taya ba. Kowace safiya kafin ya tayar da inji sai ya duba baƙin mai, ya duba ruwan lagireto, ya taɓa fanbel ya ji ko ya saki. Matatar iskar injin ma ta mai ce: wani kwano ne da ake zuba baƙin mai a ciki don ya kama ƙura, kuma a lokacin hunturu sai an yawaita wanke shi. Idan inji ya soma tari, a kwance kafireta a wanke da fetur a cikin tasa, a goge fulogi, a daidaita kwantak da takarda mai kauri. Idan batir ya mutu, akwai ƙarfen da ake zurawa ta gaba a juya da hannu har inji ya kama. Tsofaffin direbobi kan gargaɗi yaransu kada su naɗe babban yatsa a jikinsa, domin idan ya dawo da baya yana iya karya hannu.

Tana da nata aibin, kada a zaci mala'ika ce. Zubar da mai ɗabi'arta ce, har akan yi mata ba'a cewa ranar da ta daina ɗiga, to man ne ya ƙare. Sandar da ke juya tayar baya takan karye idan an yi mata lodi fiye da kima aka kuma fizge ta a cikin laka. Amma gwanin direba ba ya kwana a daji saboda wannan. Kusa da giya akwai wasu ƙananan sanduna biyu, mai jan kai da mai rawayan kai, waɗanda ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Sai ya zare abin da ya karye, ya lallaɓo gida da ƙarfin tayoyin gaba kawai.

Gyare-gyaren da aka riƙa yi mata don ta dace da bukatunmu, maƙera da masu walda ne suka yi su. Sun ƙara wa sifirin baya ganye don ya ɗauki buhunan gyaɗa, sun ƙera kariya a sama, sun kafa benci da rumfar tamfol a baya saboda fasinjojin ranar kasuwa. Wasu daga cikin waɗannan ƙare-ƙare sun jawo asara, musamman lodin sama, wanda ke sa mota mai tsayi ta kife a kwana. Kayan da suka gagara kuwa, akan nemo su a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Daga tsakiyar shekarun 1970 al'amura suka fara sauyawa. Kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, a-kori-kura ta cika hanyoyi, aka soke En'e a 1976, kwalta ta yi ta ƙaruwa, sannan Toyota ta zo da Land Cruiser da Hilux ta karɓe kasuwar daji. Faɗuwar darajar naira bayan 1986 ta sa sababbin kayan gyara suka fi ƙarfin talaka. A Ingila kanta, an rufe ƙera tsohon samfurin a watan Janairu na 2016.

Jif-jif ɗin da 'ya'yanmu ke shigowa da su gida yau sun fi waccan daɗi nesa ba kusa ba, amma kwamfuta ce ke sarrafa injinsu, sai da na'ura ake gane ciwonsu. Abin da ya rage a hannun mai mota shi ne kulawa da ajiya, a nan ne kuma nake ganin sakaci. Mutum ya zo Sallah, ya bar motar miliyoyi a bayan ɗaki, ya lulluɓe ta da leda, ba zai waiwaye ta ba sai wata Sallar. Ya dawo ya tarar batir ya mutu, tayoyi sun tsattsage, ɓeraye sun cinye wayoyi, fetur ya lalace a tanki, danshin damina kuma ya ci shasi ta ƙasa.

Direbobin En'e ba haka suke yi ba. Idan mota za ta daɗe a ajiye, sukan wanke lakar ƙarƙashinta tas, su sa giris a duk inda ke bukata, su cire kan batir, su ɗora ta a kan katako mai ƙarfi don tayoyi su huta, a ƙarƙashin rumfa mai shan iska kuma nesa da rumbun hatsi. Ba sa jan birkin hannu su bar shi wata da watanni, gudun kada ya liƙe, sai dai su sa waigi. Ba sa shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, ba sa kuma ajiye jarkar fetur kusa da madafa. Duk bayan mako biyu ko uku, akan sami wanda zai mayar da batir, ya tayar da inji, ya bar shi ya yi zafi sosai kafin ya kashe.