Zobe a ƙafar tsuntsu: yadda masana ke bibiyar tsuntsaye, kwaɗi da kifi a Najeriya

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da mafarauta ko masu sayar da tsuntsaye, a Sabo ta Ibadan ne ko Agege ko Shagamu, ba zai rasa jin labarin tsuntsun da aka kama da zoben ƙarfe a ƙafa ba. Nan take surutu kan tashi. Wannan ya ce asiri ne aka yi wa wani, wancan ya ce na'urar leƙen asiri ce ta Turawa. Ba ko ɗaya daga ciki. Zoben alama ce ta masu binciken halittun daji, kuma na ga ya dace in yi bayanin aikinsu a wannan shafi, domin kaso mai tsoka na abin da suke nema ta hannun mutanenmu yake bi: maharba, masunta, mahauta, masu kaji da dillalan kifin banda.

Aikin nasu ƙidaya ce, amma ba irin ta mutane ba. Ba wanda zai iya bin tsuntsayen ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya, alhali jinsinsu kaɗai ya haura 900. Abin da ake yi shi ne a zaɓi wuri, a ƙirga abin da aka gani ta hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, sannan a yi ta maimaitawa. Ƙidayar bana ita kaɗai ba ta faɗa wa kowa komai. Sai an jera ta kusa da ta bara da ta shekaru goma baya, sannan a gane ko abin yana ƙaruwa ne ko yana ƙarewa.

Zoben da abin da ke jikinsa

Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, shi ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a 1899. Kafin nan mutanen Turai ba su da tabbacin inda tsuntsayensu ke ɓacewa idan sanyi ya shigo, har wasu na cewa tsattsewa cikin taɓo take shigewa ta kwana. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. Da shi ta tsallako hamada da teku. Har yau gawarta na ajiye a jami'ar Rostock.

Yadda ake yi a yau kuwa, tun kafin gari ya waye ake kafa wata raga mai laushi, siririya kamar yanar gizo-gizo, tsakanin sanduna biyu. Tsuntsu ba ya ganinta sai ya faɗa. Ana zagaya ragar a-kai-a-kai don kada wanda ya faɗa ya jigata, a cire shi a hankali a sa a ƴar jakar yadi. Daga nan a tantance jinsinsa, a auna tsawon fiffike, a ɗora shi a sikeli, a hura gashin ƙirjinsa a ga yawan kitsen da ya tara, domin kitsen nan shi ne guzurin tafiya. Sai a maƙala zoben a sake shi. Zoben ba shi da nauyin da zai dame shi, ba batir a ciki, ba ya aika saƙo ko'ina. Lamba ce kawai wadda ba wani tsuntsu a duniya mai irinta, da sunan cibiyar da ta bayar. Na Jamus za ka ga an rubuta Radolfzell ko Helgoland ko Hiddensee, na Italiya Ozzano, na Ingila kuma adireshin gidan tarihi na Landan.

To amfanin me? Idan an sake kama tsuntsun a wani wuri, an san hanyar da ya bi da shekarun da ya yi a duniya. Akwai kuma lissafin da ni dai yana burge ni saboda sauƙinsa. A ce ka sa wa tsuntsaye 100 zobe ka sake su, bayan kwanaki ka kama 100 ka tarar 10 ne masu zobe a ciki. Ka ga masu zoben kashi ɗaya cikin goma ke nan, wato akwai kimanin 1,000 a wurin. Da wannan dabarar ake ƙiyasta kifin tafki da kwaɗin kududdufi ma.

Babban misali a kudancin ƙasar nan shi ne Boje, a jihar Kuros Riba, kusa da dutsen Afi. Tsattsewar Turai, wadda nauyinta bai wuce giram 20 ba, tana taruwa a can miliyoyi a lokacin rani, tana kwana cikin dogayen ciyayi a gefen tsauni. Mutanen wurin sun daɗe suna kama ta don ci, suna kuma samun zobba a ƙafafunta. Da masu bincike suka isa a shekarun 1990, zobban da mutanen gari suka tara suka nuna cewa tsuntsayen daga ƙasashen Turai daban-daban suke zuwa. Kun ga abin da maharbi ya ajiye a gida shi ya zama hujjar masana.

Don haka idan zobe ya faɗo hannunka, kada ka jefar. Rubuta lambar da duk rubutun da ke jiki, ko ka ɗauke su a hoto da waya, ka haɗa da ranar da wurin da aka samu tsuntsun, da ko a raye yake ko a mace. In yana raye, kada a cire zoben, a karanta a sake shi. Ana iya kai bayanin ga gidauniyar kare muhalli ta NCF da ke Lekki a Legas, ko cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos. Ba kuɗi ake biya ba, gara in faɗa tun yanzu, amma cibiyoyin zobe kan aiko wa mutum tarihin tsuntsun.

Manyan tsuntsaye su ake goya wa na'ura mai amfani da hasken rana, wadda ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam. Ita ma ba ta ɗaukar murya ko hoto. Akwai labarin wata farar ungulu da aka sa wa irin wannan na'ura a ƙasar Girka, aka raɗa mata suna Paschalis. Ta tsallaka teku da Sahara ta sauka a kudancin Nijar, a 2014 wani maharbi ya kashe ta don sayar wa masu haɗa magani, na'urar kuma ta ci gaba da nuna hanya har cikin Najeriya. Abin ba daɗin ji, amma ta nan masana suka ƙara gane girman cinikin sassan ungulu. Mahautanmu da ke kwata a garuruwan kudu su ne shaida, su tuna yawan ungulun da ke sauka a da su kwatanta da yau. Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun nan tamu ta kwata a jerin halittun da ke dab da ƙarewa, shi ya sa zagaya kasuwannin magunguna a ƙirga kawunanta ya zama wani reshe na binciken.

Ƙidaya da ido da kunne

Yawancin aikin ma ba a taɓa tsuntsun. Mai bincike kan tsaya wuri ɗaya na ƴan mintuna ya rubuta duk abin da ya gani ko ya ji, ko ya bi wata miƙaƙƙiyar hanya a ƙafa yana yin haka. A kurmin kudu, inda ganye ya rufe ko'ina, kunne ya fi ido aiki.

Tun ƙarshen 2015 APLORI ke jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa-kai zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta jinsin da ya gani a manhajar waya mai suna BirdLasser. Ba sai mai digiri ba. Akwai ayarin Arewa, akwai na kudu maso yamma da na kudu maso gabas, akwai kuma ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye a Lekki da dajin IITA na Ibadan. Mutanen Sabo, ku sani akwai wani tsuntsu mai baƙi da ja, ɗan dangin masu saƙa sheƙa, da aka raɗa wa sunan Ibadan a 1958, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai kudu maso yammacin Najeriya, kuma yanzu ganinsa ya zama aiki.

Tsuntsayen ruwa kuwa a tsakiyar watan Janairu ake ƙirga su, a ƙasashe da yawa lokaci guda, tun 1967. Dalilin zaɓen lokacin shi ne baƙin da suka zo daga Turai sun riga sun zauna wuri ɗaya, ba za a ƙirga garke guda sau biyu ba. A gida, fadamar Haɗeja da Nguru ce babban filin wannan aiki. Mai sana'ar kaji yana da ruwa da tsaki a nan. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara bayyana a Afirka ne a wata gonar kaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, a farkon 2007 kuma ta kashe mutum a Legas. Sanin inda agwagin daji ke sauka da lokacin zuwansu yana cikin abin da likitocin dabbobi ke dubawa, samfurin kuma Vom ake kai shi gwaji.

Kwaɗi

Aikin kwaɗi na dare ne, da damina. Fitila a goshi, takalmin roba a ƙafa, a bi bakin rafi. Kowane jinsi da irin kukansa, don haka ana naɗar muryar a tantance daga baya. Waɗanda ba sa kuka sosai ana yi musu shingen leda a binne bokitai a gindinsa, duk wanda ya bi shingen ya faɗa, da safe a duba a saki. Ana kuma goga auduga a fatarsu a kai ɗakin gwaji, saboda wata cutar fata da ta ƙarar da kwaɗi masu yawa a Amurka ta Tsakiya da Ostireliya. Kwaɗo ta fata yake shan ruwa, ta nan ma yake wani ɓangare na numfashinsa, shi ya sa maganin feshi ko dattin masana'anta kan fara nunawa a kansa kafin kowa.

A duwatsun Idanre na jihar Ondo akwai wani ɗan kwaɗo da aka bayyana a 1963, wanda babu shi a wani wuri. Aka shafe shekaru sama da 40 ba labarinsa, sai a 2013 Abiodun Onadeko na jami'ar Legas da abokan aikinsa suka sake gano shi a kan duwatsun.

Shi wannan malami yana cikin waɗanda suka bi sawun cinikin busasshen kwaɗo, wanda ake kamawa a arewa da kan iyakar Benin da Nijar a kawo kasuwannin ƙasar Yarabawa. Rahotonsu na 2010 ya ƙiyasta cewa mutum 32 kacal da aka zanta da su suna hada-hadar kwaɗi kimanin miliyan 2.7 a shekara, akasari burduddugi. Ni ba na cikin masu cewa a hana mutane sana'arsu. Amma duk daga daji ake kwaso su, ba mai kiwo, kuma mai kamun da a da yake cika buhu a bayan gari yanzu sai ya yi tafiya mai nisa, ai ya riga masanin sanin amsar.

Kifi

Kifi ba ya ƙirguwa a cikin ruwa, sai a bakin gaɓa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana New Bussa, ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji da aka fara a 1968, ta teku kuma tana Victoria Island a Legas. Da farko akan zagaya a ƙirga masunta, kwalekwale da irin komar da kowa ke amfani da ita. Sannan a zaɓi wasu mashigai, ma'aikaci ya zauna a ranakun da aka tsara, duk kwalekwalen da ya iso ya auna kamun, ya ware tarwaɗa daban, karfasa daban, giwan ruwa daban, ya auna tsawonsu. Akan farke cikin wasu a ga ko sun ɗauki ƙwai, ta haka ake sanin watannin haihuwa. Shekarun kifi kuma a jikin ɓawonsa ake karantawa, ko a wani ɗan ƙashi da ke cikin kunnensa, mai zobba irin na kututturen itace.

Abu biyu ake sa wa ido: yawan abin da kwalekwale ɗaya ke samu a fita ɗaya, da girman kifin. Jimillar kamu tana iya ƙaruwa alhali ruwan yana talaucewa, idan masunta ne suka ninka. Amma in kowa na dawowa da kaɗan, kifin kuma ƙanana waɗanda ba su kai ga yin ƙwai ba, to an fara cin iri. Irin wannan lissafi ne a shekarun 1990, ƙarƙashin wani aikin haɗin gwiwa da Jamus, ya nuna ɓarnar da taru mai ƙananan idanu ke yi a Kainji, har aka kai ga hana jansa tare da sarakunan yankin.

Masunta da yawa kan ɓoye rabin kamu idan sun hango mai littafi da sikeli, don suna zaton haraji ya kawo shi. Lambar da ta shiga littafin a gurguje ita za ta je ofis, da ita kuma za a yanke girman idon koma da watannin da za a rufe ruwa. Dillalin banda da ke jiran kwali daga Yauri ko Baga a kasuwar Legas yana iya yin nasa awon ba tare da sikeli ba: ya duba girman kifin da ke cikin kwalin bana, ya tambayi ubangidansa yadda yake a lokacin da ya fara sana'ar.