Dalilin Da Ya Sa Turanci Ke Da Suna Biyu Ga Abu Guda

Masu koyon Turancin Ingilishi su kan yi mamaki, su ce, "Shin don me saniya in tana da rai a ke ce mata cow, amma in an yanka ta sai namanta ya koma beef? Don me tunkiya sheep, namanta kuwa mutton?" To, jama'a, wanda ya ke neman amsar wannan sai ya buɗe littafin tarihi.

A ran 14 ga Oktoba, 1066, Wiliyam mai mulkin Normandi, wata ƙasa a arewacin Faransa, ya gwabza yaƙi da Harold Sarkin Ingila kusa da garin Hastings. Aka kashe Harold, Wiliyam ya hau gadon sarauta, ya raba ƙasar ga manyan mayaƙansa. Su kuwa Faransanci su ke yi. Saboda haka wajen shekara 300 Faransanci shi ne harshen fada da na masu sarauta, Latin na malaman coci da rubuce-rubuce, Ingilishi kuwa aka bar wa talakawa.

Amma harshen talaka ba ya mutuwa, domin shi ne na gona da kasuwa. Sannu a hankali jikokin baƙin nan suka koma yin Ingilishi. A 1362, zamanin Sarki Edward na Uku, aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi, don mutane ba su gane abin da a ke faɗi a kansu gaban alƙali. Abin dariya, ita dokar kanta da Faransanci aka rubuta ta. Sa'ad da Ingilishi ya koma fada, sai ya tafi da dubban kalmomin Faransanci a cikinsa. Judge da court da parliament duk daga can su ke, kamar yadda mu muka sami alƙali da shari'a da hukunci daga Larabci.

Cow da sheep da calf na tsohon Ingilishi ne, beef da mutton da veal kuwa sunayen dabbobin ne da Faransanci. Walter Scott, cikin littafinsa Ivanhoe na 1819, shi ya yaɗa zancen cewa talaka mai kiwo ya riƙe sunan dabba, ubangijinsa mai ci ya ba nama suna. Zancen da daɗin ji, amma sai a yi hattara da shi, gama an daɗe ana kiran sa mai rai beef, rarrabewar ba ta tabbata sosai ba sai daga baya.

Ga amfanin sanin wannan. In kalmomi biyu suka yi tarayya cikin ma'ana, galibi ta asalin Ingilishi ita ce ta yau da kullum, ta Faransanci kuwa ta takardun hukuma. Buy da purchase duk saye ne, begin da commence duk farawa ne, amma ba kowane wuri ɗaya ke shiga gurbin 'yar'uwarta ba. Wani lokaci ma ma'anar ta kan juya. Ga Faransawa demander tambaya ce ko roƙo, ba wani tsanani, amma demand ta Ingilishi neman abu ne da ƙarfi, kamar mai bin bashi. Wanda ya rubuta wa na gaba da shi "I demand", yana tsammani ya zaɓi kalma mai girma, ya yi rashin kunya bai sani ba, watakila ma ya rasa abin da ya ke nema.

Don haka muna ba almajirai shawara, kada tsawon kalma ya ruɗe su. Kafin ka ɗauki baƙuwar kalma daga ƙamus, duba yadda masu harshen ke aiki da ita. In kana shakka, riƙe gajeriyar da ka sani. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.