Agwagwar Salter: Yadda Birtaniya ta fara tatsar lantarki daga teku, sannan ta janye hannu

A watan Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka tsuke bakin famfo ga ƙasashen da suka goyi bayan Isra'ila a yaƙin da aka gwabza a wannan wata. Kafin a ankara, farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu. Ƙasashen Turai suka shiga neman mafita, Birtaniya kuwa, da yake ruwa ya kewaye ta, sai ta waiwayi teku.

Dalilin a fili yake. Iska kan yi tafiyar dubban kilomita a kan Tekun Atilantika tana ingiza ruwa, raƙuman ruwan da ta tayar su ɗauko wannan ƙarfi har gaɓar yammacin Sikotilan. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ƙarfin da ke cikinsa a dunƙule yake. Ga shi kuma tekun ya fi tumbatsa da hunturu, lokacin da aka fi bukatar wuta.

A 1974, wani injiniya a Jami'ar Edinbara mai suna Stephen Salter ya wallafa bayanin wata na'ura a mujallar kimiyya ta Nature. Tana shawagi a kan ruwa, gabanta tsukakke, bayanta kewayayye. Duk raƙumin ruwan da ya doke ta sai ta yi sama ta yi ƙasa kamar agwagwa mai kiwo, wannan rausaya ce ke juya injin da ke cikinta. Daga nan ta samu suna Agwagwar Salter. A gwajin da aka yi cikin tafkin ɗakin bincike, ta kwashe kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin ruwan da ya iso gare ta.

Gwamnati ta buɗe shirin bincike, amma ta ɗora wa masu binciken kaya mai nauyi: su tsara tashar da za ta ba da megawat 2,000, daidai da babbar tashar kwal ko ta nukiliya, alhali ko ƙarama ba a gina ba tukuna. Kafin a je ko'ina, yanayi ya sauya. Man Tekun Arewa ya fara kwarara, fargabar 1973 ta lafa. A 1982 aka rufe shirin bisa hujjar cewa wutar za ta yi tsada. Salter ya shafe shekaru yana cewa an kumbura lissafin kuɗin, yana kuma nuni da cewa ofishin da ke kula da shirin a Harwell yake, cibiyar binciken nukiliya ta ƙasar. Ba a taɓa gina cikakkiyar agwagwar a teku ba har ya rasu a 2024.

Waɗanda suka biyo baya sun gane cewa ruwa ba tsaran kwando ba ne. A 1995 aka kai wata na'ura mai suna Osprey arewacin Sikotilan, teku ya ragargaza ta cikin makonni. Nan matsalar take: na'urar da za ta ci riba a ruwan yau da kullum, dole kuma ta jure guguwar da ta ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ga gishiri yana cin ƙarfe.

Wani ɗalibin Salter, Richard Yemm, ya ƙera Pelamis, doguwar na'ura mai gaɓoɓi kamar maciji. A 2004 ta tura wuta cikin layin ƙasa daga tsibiran Orkney. A 2008 aka girka uku a gaɓar Fotugal, jimillar ƙarfinsu megawat 2.25, amma bayan 'yan watanni aka janye su domin gyara, kamfanin da ya zuba jari kuma ya durƙushe a rikicin tattalin arzikin wannan shekara. A 2014 kamfanin Pelamis kansa ya karye.

Abin da ya ɗore shi ne wanda bai cika baki ba. A 2000 aka gina tashar Limpet a kan duwatsun gaɓar tsibirin Islay: ɗakin kankare ne da ruwa ke shiga ya fita, yana tura iska ta juya farfela. Wannan dabarar aka kai garin Mutriku na yankin Basque a Sifaniya, inda a 2011 aka dasa farfela 16 cikin katangar tashar jiragen ruwa. Ƙarfinta bai kai kilowat 300 ba, amma ta yi shekaru fiye da goma tana aiki.

A shekarun da Birtaniya ta nemi farawa da katafariyar tasha, Denmak ta fara da ƙananan injinan iska, ta riƙa tallafa musu suna girma kaɗan-kaɗan, ana gyara kuskure da araha. Yau iska na ba ta kusan rabin lantarkinta. Makamashin teku bai samu irin wannan haƙuri ba, domin kuɗinsa na zuwa ne idan mai ya yi tsada, ya gudu idan ya sauka. Bayan faɗuwar Pelamis, gwamnatin Sikotilan ta kafa hukumar Wave Energy Scotland, wadda ta riƙa ba da kuɗi mataki-mataki, sai na'ura ta tsallake gwaji ɗaya kafin a biya na gaba. Shekaru 40 aka ɗauka kafin a koma hanyar da ya kamata a bi tun farko.