Magungunan Ƙarin Sinadarai da Haihuwar Namiji

Magungunan ƙarin sinadarai ƙwayoyi ne masu ɗauke da bitamin C da E, zinki, selenium da folik asid, waɗanda maza ke sha da fatan inganta maniyyi. Hujjar masu ba da su ita ce suna kare ƙwayoyin haihuwa daga lalacewa, musamman a jikin mai shan taba ko mai yawan ƙiba.

A birnin Kano, in aure ya daɗe ba rabo, akan fara zargin mace, alhali kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Wasu magidanta kan nufi kemis, wasu kuma Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, su sayi dabino, aya, zuma da haɗe-haɗen gargajiya. Likitoci a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuwa da gwajin maniyyi suke farawa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, mafi ƙarancin adadin da ake so shi ne ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita.

Bincike bai gama tabbatar da amfanin magungunan ƙarin sinadarai ba. Wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2020 ya ba maza zinki da folik asid wata shida, cikin ma'aurata 2,370, amma maniyyi bai inganta ba, haihuwa ma ba ta ƙaru ba.

Ƙwayar maniyyi kan ɗauki kimanin kwana 74 kafin ta nuna, saboda haka akan maimaita gwaji bayan wata uku. Allurar testosterone kuwa ba ta cikin waɗannan magunguna, rage maniyyi ma take yi.