Tarihin Tangaran Mai Haifar da Lantarki: Shigar Dalma da Neman Fitar da Ita

A cikin shekara ta 1880 wasu 'yan'uwa biyu mutanen Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsu, irin su dutsen kwaz, waɗanda in aka matsa su sai lantarki ya bayyana a jikinsu. Shekara na zagayowa suka tabbatar da akasin haka, watau in an sa wa dutsen lantarki sai ya ɗan miƙe ko ya tsuke. Wannan ɗabi'a ita ce lantarkin matsi. Ba a ci moriyarta sosai ba sai a 1917, sa'ad da Paul Langevin ya yi amfani da kwaz wajen aika ƙara cikin teku don gano jiragen yaƙi masu nutso.

Sai dai ƙarfin kwaz kaɗan ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana a Amurka da Tarayyar Sobiyet da Japan, kowa a nasa ɓangare, suka samo wani tangaran da ake haɗawa da bariyam da titaniyam da oksijin, wanda ya fi kwaz ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin lura a nan shi ne, wannan tangaran na farko ba shi da dalma ko kaɗan.

Asirin ƙarfinsa yana cikin yadda ƙwayoyin zarra suke jere. A ƙaddara ɗan akwati mai kusurwa takwas: bariyam a kowace kusurwa, oksijin a tsakiyar kowace fuska, titaniyam kuma a can ciki. In zafi bai kai kamar digiri 120 na ma'aunin Salshiyas ba, akwatin yakan ɗan yi tsawo, titaniyam ya goce daga tsakiya, sai gefe ɗaya ya fi ɗayan caji. To, da yake a cikin tangaran waɗannan akwatuna kowanne inda ya fuskanta daban, sai an ɗumama shi an bi ta cikinsa da lantarki mai ƙarfi kafin su fuskanci wuri guda. Amma da zafi ya haura wancan iyaka, titaniyam sai ya koma tsakiya, ɗabi'ar ta ɓace. Rauninsa ke nan.

Wannan rauni ne ya buɗe wa dalma ƙofa. Wajen 1952 Gen Shirane da abokan aikinsa a Tokyo suka nazarci tangaran na dalma da zarkoniyam da titaniyam, wanda ake kira PZT. A 1954 Bernard Jaffe da jama'arsa a Amurka suka nuna cewa in zarkoniyam da titaniyam suka kusa yin daidai, kamar kashi 52 da kashi 48, tangaran yakan tsaya a kan iyakar siffa biyu, ta yadda ɗan matsi kaɗan zai karkatar da shi. Ga ƙarfi, ga jure zafin da ya wuce digiri 300 a wasu nau'o'insa, ga sauƙin gashi. Nan da nan ya mamaye fage, tun daga na'urar ɗaukar hoton ɗan tayi har zuwa ƙyastun kunna murhun gas.

Amma fa kamar kashi 60 cikin ɗari na nauyin PZT dalma ce, ita kuwa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. Mutanen Zamfara sun ga ta'adinta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta hallaka yara fiye da 400. A wajen tangaran, haɗarin yana wurin gashi, inda dalma ke tashi da tururi, da kuma wurin zubar da tsofaffin na'urori. A 2003 Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita dalma a kayan lantarki, amma ta ɗaga wa tangaran ƙafa saboda rashin madadi.

Daga nan masana suka waiwayi abin da aka yi watsi da shi. Tun 1959 Egerton da Dillon sun yi bayanin tangaran na fotasiyam da sodiyam da niyobiyam, sai dai gasa shi da wuya, domin sodiyam da fotasiyam suna ƙaurace wa wuta su bi iska. A 2004 Yasuyoshi Saito da abokansa a Japan suka gyara haɗin, suka kuma jera ƙwayoyinsa fuska ɗaya, har ƙarfinsa ya kai 416 a ma'aunin da ake gwada PZT da shi, watau ya yi kafaɗa da kafaɗa da wasu nau'o'in PZT. A 2009 Wenfeng Liu da Xiaobing Ren suka koma kan bariyam, suka ƙara masa kalsiyam da zarkoniyam, suka sami kusan 620. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin wannan bai jure ko zafin tafasasshen ruwa ba.

Abin da tarihin ya nuna shi ne, waɗanda suka yi nasara duka dabarar Jaffe suka bi, ta tsayar da tangaran a kan iyakar siffa biyu. Ƙarfi ya samu ba tare da dalma ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa shi da jure zafi da arha a cikin tangaran guda, kuma kafin a cim ma haka, dokar Turai da masana'antu za su ci gaba da haƙuri da PZT.