Fankar da ke ɓoye a bayan dashbod

A farkon ƙarni na 20, mai shirin tafiya da mota a hunturun Amurka ko Turai shirin yaƙi da sanyi yake yi. Yawancin motoci a buɗe suke. Sai a lulluɓa da bargo, a gasa bulo a murhu, a naɗe shi da tsumma a ajiye ƙarƙashin ƙafa. Masu hali kuwa su sayi ɗan akwatin ƙarfe da ake zuba wa garwashi.

Da motoci masu rufi suka yawaita a shekarun 1920, sai hankali ya koma kan salansa. Akan yi wa bututun hayaƙi riga ta ƙarfe, iskar da ta ratsa tsakani ta ɗau zafi, ta shigo ta wata 'yar ƙofa kusa da ƙafar fasinja. Masu Ford Model A da yawa sun sa irin wannan. Sai dai idan bututun ya tsage, hayaƙi mai guba ne ke biyo ɗumin.

Wajen 1930 aka soma yayin dabarar da ake kai har yau: ɗan ƙaramin lagireto a cikin mota, ruwan zafin inji na bi ta cikinsa, fanka mai aiki da batir na hura iska ta tsakaninsa. Fankar nan ce ta sa ɗumi ya daina jiran gudun mota; ko a tsaye ake, iska na zuwa. A 1938 kamfanin Nash na garin Kenosha a jihar Wisconsin ya ƙara gaba, ya riƙa janyo sabuwar iska daga waje, yana tace ta kafin a ɗumama. Shekara guda bayan haka ya sa wa tsarin na'urar daidaita zafi, ya raɗa masa suna Weather Eye. Daga 1968 dokar Amurka ta wajabta wa sababbin motoci hanyar kawar da raɓa da ƙanƙara daga gilashin gaba, fankar ta tashi daga kayan ƙawa ta zama dole.

Volkswagen Beetle ce ta daɗe a kan tsohuwar hanya. Injinta da iska ake sanyaya shi, babu ruwan da za a ara, don haka daga jikin salansa take ɗebo ɗumi.

Abin mamaki, ciwon fankar bai sauya ba tun wancan zamani, shi ya sa gwanin wayarin ke bin matakan da ubangidansa ya koya masa. Idan ta yi shiru gaba ɗaya, fiyus zai fara dubawa. Idan ba ta tashi sai an murɗa ta zuwa lamba ta ƙarshe, to rezista ce ta ƙone: ita ke rage wuta don ƙananan lambobi, ta ƙarshe kuwa kai tsaye take samun wutarta. A cikin hanyar iskar ake dasa rezistar don fankar ta riƙa sanyaya ta, saboda haka ganye ko sheƙar ɓera da ta toshe hanya na iya kashe ta. Idan kuma sai an ɗan bugi ƙasan dashbod take farkawa, burushin kabon na cikin motar fankar ne ya cinye. Ƙugi da kuka kuwa alamar bushi ya bushe ne.

Gano ciwon ba shi ne wahalar ba, isa wurin ne. Volvo 240, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1993, ta yi suna a nan. Fankarta na can tsakiyar dashbod, har masu motar ke barkwancin cewa ita aka fara ajiyewa a masana'anta, sannan aka gina sauran motar a kewayenta.

A ƙasar Hausa, inda Peugeot 504 ta fara fitowa daga masana'antar Kaduna a 1975, zafi ne ya fi damun direba, ba sanyi ba. Amma fankar ɗaya ce: wadda ke tura ɗumi ita ke tura sanyin esi. Shi ya sa tsohuwar motar da ta yi shekaru tana narkar da ƙanƙara a Beljiyam kan zo ta ƙare a gaban mai wayarin a Kano cikin watan Afrilu, an kwance akwatin gaban fasinja, yaron shago ya jona wa fankar waya biyu daga batir yana jiran ya ga ko za ta juya.