KUWWAR DARE: DAGA DOGARIN SARKI ZUWA 'YAN KWANA-KWANA



Abu biyu ne ke sa mutanen gari su yi kuwwa da tsakar dare: wuta da ɓarawo. Tun zamanin kakanni haka abin yake a Bungudu da Gusau da Tsafe, har kuwa yau. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne wanda ake sa ran zai amsa kuwwar, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya iso. Tarihin wannan sauyi nake so mu waiwaya, domin mu mata ne aka fi bari a gida tare da yara da murhu, mu ne kuma ke fara shaƙar hayaƙi ko jin motsi a bayan katanga.

A dā, ginin garuruwanmu na ƙasa ne da jinka, dangar gida ta kara ce ko ta zana, ga rumbuna jere a tsakar gida. Da kaka ta yi, sai a tara kara da harawa a kan bishiyoyi da saman ɗakuna. To kin ga da hunturu ya busa, komai ya bushe ƙayau, garwashi ɗaya da yaro ya ɗebo daga maƙwabta a kasko ya isa ya tashi unguwa guda. Ba mota, ba famfo. Maganin gobara a lokacin shi ne jama'a. Da an ji "Gobara! Gobara!" maza su fito da gatari da sungumi su kwantar da danga don a yanke wa wutar hanya, mata su yi ta miƙo tulu da ƙwarya daga rijiya, samari su yi ta watsa ƙasa. Wanda rumbunsa ya ci wuta kuwa, kafin kwana uku an tara masa dammuna, an haɗu an ɗora masa sabon rufi, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tsaron gari ma a kan wannan tsari yake. Mai unguwa ya san kowane gida, in baƙo ya sauka sai an kai masa labari. Shi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, har magana ta kai fada: wurin Sarkin Fulanin Bungudu, ko Sarkin Katsinan Gusau, ko 'Yandoton Tsafe. Dogarai su ne masu kamu da kai mai laifi gaban alƙali. Garuruwa da yawa suna da ganuwa, wasu kuma, irin su Kwatarkwashi, dutse ne garkuwarsu.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba su rusa wannan tsari ba, sai suka ɗora nasu a kai. Aka shigar da dogarai ƙarƙashin En'e, daga baya aka fito da 'yan doka masu kaki da albashi, suna karɓar umarni daga hukumar sarki. A gefe guda ga 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a 1930. Wato dai mutumin ƙasar Sakkwato ya daɗe yana ganin masu tsaro iri biyu, na gida da na gwamnati.

Ɗan doka ɗan gari ne. Ya san lungu, ya san ɗan wane da ke da ɗan hali, yana jin harshen mutane. Amma wannan kusanci ya zo da nasa ciwon. A zamanin siyasar Jamhuriya ta Farko an yi ta kukan cewa ana amfani da 'yan doka da kotunan En'e wajen musguna wa 'yan adawa, musamman 'yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano. Shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka yanke shawarar narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya, kafin shekarun 1970 su yi nisa kuwa an gama. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya sake jaddada cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasa. Tun daga nan ake iya turo wa Bungudu ɗan sandan da aka haifa a Kalaba, albashinsa da umarninsa daga sama suke fitowa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, aikin kwana-kwana ma daga cikin aikin 'yan sanda ya fito. A Ikko aka fara shi a 1901, a matsayin wani reshe na 'yan sandan birnin, sai a 1963 aka yi dokar da ta ba shi cin gashin kansa. Daga baya kowace jiha ta kafa nata. Mu nan muna ƙarƙashin Sakkwato har ranar 1 ga Oktoba 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara mai hedkwata a Gusau.

Samun jiha ya sa Gusau ta cika ta batse. Ma'aikata suka dawo daga Sakkwato, unguwanni suka yi ta miƙewa a bakin hanyar Sakkwato da ta Zariya, har gonakin ƙasar Bungudu da ke gefen birni suka zama filayen gini. Jinka ta ragu, kwano da bulo suka yi yawa, sai ki ɗauka gobara ta yi sauƙi. Ina! Sai ma ta sauya kama. Risho ya shigo, wayar lantarki ta ratsa silin, ga hita da ake mantawa a bokiti in an ɗauke wuta, ga maganin sauro na kunnawa kusa da katifar soso, ga janareto da jarkar fetur, yanzu kuma ga tukunyar gas. Wutar jinka ana ganinta daga nesa, ta cikin silin kuwa sai ta gama cin rufi mutanen ɗaki suna barci.

Duba waɗannan shekaru, 'yar'uwa. A Nuwamban 2015 gobara ta tashi a ɗakin kwanan makarantar 'yammata ta Jogana a Jihar Kano, ɗalibai 7 suka rasu. A Maris 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone, dubban shaguna suka tafi. A Janairun 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama, a Maris na shekarar kuma babbar kasuwar Katsina da kasuwar Tudun Wada ta Gusau suka bi sahu. A Nuwamban 2021 azuzuwan zana suka ci wuta a wata makaranta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. A Janairun 2024 wuta ta shiga babbar kasuwar Gusau. A Fabrairun 2025 kuma, nan kusa da mu a Ƙauran Namoda, almajirai 17 suka rasu cikin dare a makarantarsu. Allah ya jiƙansu. In kin lura da watannin, duka tsakanin Nuwamba ne da Maris, wato daga shigowar hunturu zuwa farkon bazara, lokacin da iska ke da ƙarfi, kaya suka bushe, mutane kuma ke kwana da wutar jin ɗumi.

Duk sanda irin wannan ta auku, gardama ɗaya ake yi a majalisun maza da gidajen suna. Jama'a su ce 'yan kwana-kwana sun makara, ko ruwansu ya ƙare da wuri. Su kuma su ce ba a kira su da wuri ba, an cushe hanyoyin kasuwa da rumfuna, lungunan unguwa ba sa shigar mota, ga taron 'yan kallo. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Tankin mota komai girmansa mintuna kaɗan yake yi in ana feshi, in babu wurin ɗiban ruwa kusa dole a koma. Tsakanin Bungudu da Gusau kuwa tafiyar kamar kilomita 20 ce. Ko da motar da ta taso daga can ba ta tsaya ko'ina ba, wutar ɗaki ɗaya ba ta jiran wannan tafiya.

Mutanen Landan sun taɓa shan irin wannan. A 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi, ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000. Da suka zo sake gini sai hukuma ta sa doka a yi da bulo da dutse, aka kuma faɗaɗa wasu tituna. Ashe rabin kashe gobara tun ranar da ake yanka filaye da fitar da layi ake yin sa.

Ɗaya kuwwar, ta ɓarawo, ita ce ta fi girgiza Zamfara. Daga wajen 2011 satar shanu ta rikiɗe ta zama harin ƙauyuka da satar mutane don kuɗin fansa. Da mutanen karkara suka ga 'yan sanda sun yi musu nisa kuma sun yi kaɗan, sai ƙungiyoyin 'yan banga da 'yan sa-kai suka yawaita. Sun tsare garuruwa da dama, wasunsu sun ba da rayukansu. Amma an kuma zarge su da kashe mutane ba shari'a, musamman Fulani a kasuwanni, abin da ya ƙara hura wutar ramuwar gayya. A Afrilun 2014 aka kashe mutane fiye da 100 a 'Yar Galadima ta ƙasar Maru, a wurin wani taro na 'yan banga.

Gwamnatoci sun gwada hanyoyi iri-iri. Gwamna Bello Matawalle ya fara da sulhu a 2019. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yammata 279 daga makarantar Jangebe, aka sako su bayan 'yan kwanaki. A Satumban shekarar aka rufe layukan waya da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Ki tuna makonnin nan: wadda wuta ta kama gidanta ko naƙuda ta kama ta da dare ba ta da hanyar kiran kowa sai maƙwabta. A cikin wannan wata ne aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi fiye da wata guda kafin ya kuɓuta. A Yunin 2022 gwamnatin jiha ta ce wa jama'a su nemi izinin mallakar bindiga don kare kai, maganar da ta jawo ka-ce-na-ce a ƙasa baki ɗaya. A ranar 22 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, suka tafi da ɗalibai, yawancinsu mata. Sai a Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum fiye da 2,600 da aka ɗebo daga ƙananan hukumomi 14, aka ba su horo da kaki.

Kin ga ke nan an zagayo kusa da inda aka baro, wato ɗan gari ya tsare garinsu. A Fabrairun 2024 ma Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni sun zauna a Abuja kan batun 'yan sandan jihohi. Masu so suna cewa wanda ya san daji da mutanensa shi ke iya tsare su. Masu tsoro suna tuna abin da aka yi da 'yan doka a zamanin NEPU, suna tambayar wa zai riƙe linzami in gwamna ya juya su kan abokan hamayya. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, mai tsaro na kusa yana da amfani matuƙar akwai alƙalin da za a kai shi gabansa in ya yi zalunci.

Akwai inda kuwwar nan biyu suka haɗu a cikin gidajenmu, nan ne kuma nake so uwargida ta tsaya ta yi tunani. Tsoron ɓarawo ya sa mun dasa ƙarafa a kowace taga, mun sa ƙofar ƙarfe, mun ƙara kwaɗo a kan sakata. Wani maigidan ma in zai fita da dare ta waje yake kulle gida ya tafi da makulli. Ranar da wuta ta tashi, abin da aka yi don hana ɓarawo shiga shi zai hana yara fita, shi zai hana maƙwabta kawo ɗauki. Ku zauna da maigida ku yi wannan magana cikin lumana. A ajiye makulli wuri guda da kowa ya sani, wanda hannu zai kai ko cikin duhu. In da hali, taga ɗaya a yi mata ƙarfe mai buɗewa ta ciki. Kada a kulle yara a ɗaki a tafi biki ko unguwa.

Sauran kuwa kin san su, tuni ne kawai. Ya zo a hadisi cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da dare a Madina, Manzon Allah (SAW) ya umarci mutane su riƙa kashe wuta in za su kwanta. To kaskon turaren wuta da garwashin ɗumi su fita daga ɗaki kafin barci. In an ɗauke lantarki, a zare hita da dutsen guga nan take. Fetur ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane. In mai ya kama a kaskon suya, kada ki zuba ruwa, ki rufe shi da murfi ki kashe wutar. In kin ji warin gas, kada ki ƙyasta ashana ko ki taɓa makunnin lantarki, ki rufe kan tukunyar ki buɗe ƙofofi da tagogi. Wanda ya ƙone a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta kamar minti 20 sannan a nufi asibiti, ban da shafa manja ko ƙwai. Lambar ofishin kwana-kwana da ta 'yan sanda mafi kusa su kasance a wayarki, a kuma rubuta su a bango inda yara za su gani. In abu ya faru a kira su tun wutar tana ƙarama, a fitar da mutane kafin a tuna da akwati.

Sannan ki riƙe maƙwabciyarki da kyau. Dogari ya wuce, ɗan doka ya wuce, ga ɗan sanda ga askari ga motar kwana-kwana, amma a duk tsawon tarihin nan wanda ke fara isowa da bokiti a hannu shi ne na jikin katangarki. Ranar da 'yan siyasa suka shigo zaure neman ƙuri'ar mata kuma, bayan atamfa da sabulu, a tambaye su maganar motar kashe gobara da wurin ɗiban ruwanta da hanyar da za ta bi ta shigo unguwa.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu daga gobara da sharrin azzalumai, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.